Mutumin da Ya Dawo da Katifa

Masu karatu, ku dai ku gyara zama, ni a tsaye nake rubuta wannan, wayar a jingine da tulun ruwa a kicin, domin a 'yan makonnin nan kujera ba ta riƙe ni. Wadda ta rubuto tana tambayar shekaruna, ga amsa: na wuce sittin, ina da jikoki, ina shan maganin hawan jini, kuma ina leƙa waya kamar 'yar makarantar da aka yi wa alkawarin kira. Kada ku tausaya min. Da hannuna da karatuna na kai kaina nan.

Ga wanda yau ya fara shigowa, katifa nake sayarwa. Da can tattalin arziki na koyar a sakandare, har na gaji da gaya wa yara cewa ɗan Adam yana auna riba da asara kafin ya yanke shawara, alhali ta taga ina kallon shugaban makarantarmu ana tura masa tsohuwar motarsa. Kowane wata sai ta ci rabin albashinsa, ya ƙi rabuwa da ita, wai ya riga ya kashe mata da yawa. Bayan rasuwar mijina na buɗe shago, kuma a can na fara ganin darasin da littafin bai faɗa ba.

Mutum zai shigo, ya danna katifa da gwiwa, ya ji farashi, ya ce bari ya je ya yi tunani. Wanda ya tafi tunani kuwa ya tafi ke nan. Sai na fito da tsari. Kai ta gida, kwanta a kanta mako guda, in ba ta yi maka ba direbanmu ya je ya ɗauko, ba ka biya komai. Maƙwabtana a layin suka ce tsufa ya fara taɓa ni. Ni kuwa na san abin da na taka. A shago katifar tawa ce, sayenta kashe kuɗi ne. In ta kwana a ɗakinka, an shimfiɗa mata zanin gadonka, ta ɗauki siffar bayanka, ta zama taka, mayar da ita kuma ya zama asara. Zafin rasa abu a wurin mutum ya fi daɗin samunsa nesa ba kusa ba. Shekara da shekaru ba a taɓa dawo min da ko ɗaya ba. Har wanda ta sa wa ciwon wuya, sai ya ɗora wa filo laifi.

Sai Dakta.

Likitan dabbobi ne da ya yi ritaya, matarsa ta daɗe da rasuwa. Dogo, siriri, gilashi a ƙarshen hanci, rigarsa a goge tsaf amma kullum da gashin wata dabba a hannunta. Ya ɗauki katifa mai tauri. Ranar da mako ya cika sai ga shi ya iso da ita ɗaure a saman motarsa, bai ma jira direba ba.

Na fito bakin ƙofa na ce, "Me ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba, Malama. Barci na yi kamar jariri."

"To?"

"Abin da ya ba ni tsoro ke nan. Jiya na tsinci kaina ina jin haushin ranar da za a zo ɗauka. Na ce, yaushe muka san juna da ita har haka? Bari in koma kan tsohuwata in gani, ita nake so ko rabuwa nake gudu."

Na cire gilashina na goge, na mayar, na sake dubansa. Shekaru ina yi wa gari wannan dabarar, ba wanda ya taɓa tsayawa a gabana ya kira ta da sunanta. Na ji kunya, na ji haushi, na kuma ji wani abu na uku da a lokacin na ɗauka yunwa ce.

Daga baya ya dawo ya saye ta. Daga nan kuma bai daina dawowa ba. Da la'asar zai shigo, ya zauna a kujerar roba ta gefen kanta, in zuba mana shayi daga filas, mu yi musu. Ya ce akuya ta fi mutum hankali, don ita ba ta ci gaba da cin ciyawar da ta ɓata mata ciki wai don ta riga ta fara. Na ce akuya ba ta da maƙwabtan da za su ce ta kasa. Wata rana ya zo da kwando, a ciki wata kyanwa ruwan toka, ƙafarta ɗaya a naɗe da bandeji.

"Gidana akwai kare, ba zai bar ta ta warke ba. Ki riƙe min ita mako guda."

"Dakta, ka san na san abin da kake yi."

"Na san kin sani."

Ni da na tsani kyanwa. Ƙafar ta warke, kwandon ya koma wurin ajiye albasa, ita kuma ta mallake saman firij ɗina, daga can take kallona kamar ni ce 'yar haya.

Saƙonsa ya shigo wata safiya ina cikin karin kumallo. "Malama, aurenki nake nema. Na rubuto ne don in za ki yi dariya kada in gani." Ban yi dariya ba. Na ajiye cokali, na je na wanke kwanukan da na riga na wanke.

Kuskurena na farko shi ne nuna wa Auta. Auta ita ce ƙaramar 'yata, ta karanci halayyar ɗan Adam, tana aiki a sashen ɗaukar ma'aikata na wani kamfani, inda ake biyanta don ta kalli mutum ta faɗi abin da yake ɓoyewa. Tun bara take bina in rufe shago in koma gidanta. Ta gyara min ɗaki, labule ruwan madara, kafet mai laushi, har da ƙarfen riƙewa a banɗaki, wanda har yau ban yafe mata ba. Ranar ta biyo daga ofis, ta cire dogayen takalmanta a bakin falo, ta zauna a hannun kujera tana juya makullin mota a yatsa. Ta karanta saƙon, ta sake karantawa, ta miƙo min wayar da yatsa biyu.

"Mama, ba zan ce miki shekarunki sun wuce ba."

"Kin dai faɗa."

"Ban faɗa ba. Tambaya ɗaya zan yi. Da ranar farko ya shigo shago ya ce yana son aurenki, me za ki ce?"

"Zan kira masa direba ya raka shi waje."

"To me ya canza? Shi ne dai, gilashinsa ne dai. Zuwa ya yi ta yi har kujerar ta ɗauki siffarsa. Ya kawo miki kyanwa gwaji. Mama, ke kika koya mana wannan a teburin cin abinci tun ba mu iya ɗaura ɗankwali ba. Ba shi kike so ba, rasa shi kike tsoro. An yi miki katifa."

"Ɗakin da kika ce in zo in gwada wata guda fa, shi mene ne?"

"Wannan daban. Ni 'yarki ce."

"Katifar gida ke nan."

Ta yi dariya, amma ba ta saki ba. Auta ba ta saki, wannan a wurina ta ɗauko. Ta ce, "In kin tabbata, ki yi masa abin da ya yi wa katifarki. Mayar da shi. Ya daina zuwa, ya daina kira, a kai masa kyanwarsa. In sabo ne, zai washe. In ya yi saura, ni da kaina zan kai ki wurin tela."

Ga inda za ku yi min dariya, kuma kun yi daidai. Da Auta ta ce min mutane za su yi surutu, da na watsar, don na daɗe da sanin mutane ba su da lokacin kowa. Da ta ce in bi zuciyata, da na tuna mata cewa zuciyar nan ce ta sa shugaban makarantarmu tura mota. Amma da harshena ta yi min magana. Ta kawo min gwaji mai tsari, mai kama da ilimi, ni kuwa in aka kawo min abu a wannan kwanon ko guba ce sai na ɗanɗana. Na ɗauki waya na rubuta masa: "Dakta, ka ba ni lokaci. Kada ka zo, kada ka kira, sai na neme ka. Ina so in san ko so ne ko sabo. Kai ka fi kowa fahimtar wannan." Direba ya kai kyanwar washegari.

Amsarsa kalma ɗaya ce. "To."

Na zauna ina kallon wannan "to" ɗin kamar zai haihu.

Abin da ya biyo baya ba shi da kyan faɗi. La'asar ta zama min kamar layin asibiti. Na sa aka mayar da kujerar robar sito, sai idona ya riƙa zuwa inda take da. Na yi wa wata amarya tsawa don ta zauna a kan katifar nuni da jakarta, abin da kowa ke yi. A gida in na buɗe firij sai in ɗaga kai in ba da haƙuri, saman kuwa ba kowa. Auta tana turo saƙo kowace safiya kamar nas mai zagayen ɗaki. "Yau ya jikin? Daga ɗaya zuwa goma, nawa kike kewarsa?" In rubuta "Huɗu." Ƙarya nake. Ita ta san ƙarya nake, sai ta turo hoton labulen.

Ana haka na fara gano ramin da ke cikin gwajin, kuma kunya ta kusa kashe ni, domin da ɗalibi ne ya kawo min shi da jan biro zan bi shi. In so ne, zan ji zafi. In tsoron asara ne, zan ji zafi. To wane sikeli ne zai raba min su? Na kwashe makonni ina auna abu da ma'aunin da amsarsa ɗaya ce ko me aka ɗora. Duk da haka ban kira shi ba. Kun san dalili? Na riga na sha wuya da yawa, ban so ta tafi a banza. Ni ce nan nake tura tsohuwar mota, da gilashina da komai.

Rami na biyu kuwa ban gan shi ba sai da aka nuna min. Ranar Asabar da hantsi, ina zaune a bakin kantar shago ina taɓa waya, sai na ga Dakta ya ɗora hoto. Mutumin da bai taɓa ɗora komai ba sai sanarwar rigakafin karnuka. Kyanwar ce zaune a cikin kwali, kewaye da ita wasu kwalaye a ɗaure, a bayansu kantar littattafansa babu komai a kai. A ƙasa ya rubuta: "Ta riga kowa shiryawa."

Katifa in ka mayar da ita shago, tana nan jingine a bango a cikin ledarta, ba ta koyon zama ba tare da kai ba. Na tsara gwajina kamar ni kaɗai ce mai rai a ciki.

Na bar wa direba shago na koma gida. Na sa doguwar riga ruwan toka, na ga kamar mai zuwa ta'aziyya, na cire. Na sa shuɗiya mai aiki a wuya, na ga kamar na yi shiri da yawa, na cire, na sake sawa. Ɗankwalin ya ƙi zama. Na shafa turaren da na ajiye tun auren Auta, ya juya ya koma ƙamshin magani, na wanke wuyana da sabulu. Takalmi dai mara tudu na sa, don duk abin da zai faru ba zan faɗi a ƙofar gidan mutum ba.

Ina cikin tasi saƙonnin suka fara shigowa.

"Mama, na biyo shago ba kya nan."

"Direba ya ce kin fita a gurguje."

"Mama, don Allah kada ki yanke shawara cikin ruɗani. Bincike ya nuna mutum in ya ga abu zai kuɓuce masa, darajarsa ninkuwa take yi a idonsa."

Na rubuta mata: "Binciken a kan wa aka yi? Yaran jami'a da aka raba wa kofin shayi aka ce su sayar. Su suna da shekara hamsin a gaba da za su jira hankalinsu ya kwanta." Na kife wayar a cinya. Ta ci gaba da rawa kamar kifi a kwando.

Ƙofar gidansa a buɗe take. Karen ya taso, ya shinshina gefen rigata, ya koma ya kwanta. Falon duk kwalaye, labule a sauke, a bango alamun inda hotuna suka zauna. Dakta yana durƙushe cikin singileti da tsohon wando yana manna wa kwali salatif. Ya ɗago, ya tura gilashinsa sama da bayan hannu. Bai yi mamaki ba, kuma wannan ya fi komai ba ni tsoro.

"Malama. Sannu da zuwa. Kujerun duk sun tafi, sai dai kwali. Wancan na littattafai ne, zai ɗauke ki."

"A tsaye ma ya yi. Ina za ka?"

"Wurin babban ɗana. Ya daɗe yana roƙo. Ya ce in zo in gwada."

"Su ma sun iya."

"Duk sun iya. A wurinmu suka koya."

Kyanwar ta fito daga bayan kwalaye, ta dube ni, ta wuce kamar ba ta taɓa cin kifina ba.

Na ce, "Ba ka gaya min ba."

"Kin ce kada in kira. Ni kuwa mai bin umarnin likita ne." Ya yanke salatif ɗin da haƙori, ya danne shi da tafin hannu. "Ba zan yi miki ƙarya ba. Da farko na sha wuya. In na dafa shayi, kofi biyu nake ɗaukowa. Ina shiga mota da la'asar in zauna, ban san ina zan je ba. Daga baya wata rana na lura hannuna kofi ɗaya ya ɗauko, da kansa, ban ce masa komai ba. Ranar na kira yaron na ce to."

Ban san akwai magana mai sanyi da za ta iya ƙona mutum haka ba. Na riƙe bakin wani kwali.

"Kai ka saba," na ce. "Ni ban saba ba."

"Ta yaya kika sani? Kin ga hoton kwali kin taho a guje. Ko ɗalibinki na ajin farko zai gaya miki sunan wannan."

"Tsoron asara ne."

Ya ajiye salatif ɗin. Na ci gaba.

"Shi ne, Dakta. Na bincika sama da ƙasa, na ɗaga shi in ga ko akwai wani so tsantsa a ƙarƙashi da zan ware in nuna maka, ban samu ba. A haɗe suke. Mijina da na zauna da shi har na rufe masa ido, in ka ce in ware maka sabo gefe, tsoron rasa shi gefe, ban san abin da zai rage a tsakiya ba. Kuma ranar da na rasa shi ban ji kamar an yaudare ni ba. Na san sunan abin da ke damuna, na koyar da shi, na ci abinci da shi. Sanin sunan bai rage min komai ba. Mutum ba ya tsoron rasa abin da bai dame shi ba."

"Kin tsara wannan a mota?"

"Rabi. Sauran yanzu ya zo."

Ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa suna ƙara, ya kakkaɓe wandonsa. Wayata tana ta rawa a jaka. Na zura hannu na kashe ta gaba ɗaya.

"Wancan karon kai ka nema, ka ɓoye a bayan waya," na ce. "Yanzu ni nake nema, kuma ga ni a tsaye. In za ka yi dariya, yi ina gani."

Bai yi dariya ba. Ya cire gilashin, ya duba shi, ya rasa inda zai goge don singileti ce a jikinsa, ya mayar da shi haka nan.

"Yaron yana hanya," ya ce. "Tun safe ya taso da motar kaya. Ya ɗauki hutu a wurin aiki, matarsa ta fitar da yara daga ɗakinsu saboda ni. Na ba shi maganata, Malama. Ni kuma a rayuwata ban taɓa iya cewa to in dawo in ce a'a ba. Ciwona ke nan, kowa da nasa."

"Wannan ma yana da suna."

"Na sani. Kada ki faɗa min."

Ya ɗauko wayarsa daga saman kwali, ya nisantar da ita daga fuskarsa yana neman lamba. Na ɗauka zai nuna min wani abu ne. Sai na ji tana ƙara. Ya kara a kunne.

"Kana ina yanzu? Madalla. A'a, lafiya lau. Saurara, akwai magana, amma bakina ba zai iya ba. Ga wadda za ta yi maka bayani, malama ce, ta fi ni iya tsara zance."

Ya miƙo min.

Na dubi wayar, na dube shi. Ya harɗe hannu a ƙirji, ya jingina da bango, gefen bakinsa yana motsi. Daga cikin wayar ana jin ƙarar injin da iskar hanya, da muryar wani mutum da ban taɓa gani ba, wanda ya kwashe yaransa daga ɗakinsu.

"Baba? Baba, kana ji na? Wa ke nan?"

Na karɓa da hannu biyu, na gyara murya.

"Ɗana, sannu da hanya. Samu wuri ka faka motar tukuna."